Jiƙon Maɗaci a Gindin Turke

Duk wanda ya saba bin tsofaffin titunan Gusau da ƙafa, inda itatuwan maɗaci suka jeru suna ba da inuwa, in ya rage sauri ya dubi gindinsu zai ga abin da na daɗe ina gani. Daga daidai gwiwar mutum zuwa iyakar inda hannunsa zai kai, babu ɓawo. An sassaƙe, wurin ya yi ja, ya bushe ya koma baƙi, an dawo an sake sara a gefen tsohon tabon. Can sama kuwa ganye shar, kamar ba abin da ya sami itacen. Akwai wani guda da na tsaya na ƙirga masa sara 14, sabo da tsoho.

Na daɗe ina ɗauka duk aikin masu ciwon ciki ne da masu basir da mata masu jego, don su muka sani da shan ɗaci. Sai wata safiya, saura kwana 10 Babbar Sallah, na tarar da wani saurayi da adda da ɗan buhu yana ta fama da gindin wani maɗaci. Na yi masa sannu da aiki, na ce, "Samari, wa ba shi da lafiya a gida?"

Ya ce, "Lafiya lau Malam, na doki ne. Hawa ya matso, muna son shi ɗan murmure."

Na tambaye shi yadda zai haɗa. Ya ce zai tafasa, ya zuba wani gari da ya sayo a kasuwa, su ɗura wa dokin safe da yamma har ranar Sallah. Ya laluba aljihu ya fito da ƙullin leda ya nuna mini, gari ne ruwan ƙasa mai ƙamshin kanumfari. Ya ce, "Na garkuwar jiki ne, kuma shina ƙara ma ingarma ƙarfi." Na ce wane itace ne a ciki? Ya juya ledar, ya sake juyawa, ya ce mai maganin bai faɗa ba.

Maɗacin da ke cikin buhunsa ya san sunansa, ya san inda ya tsiro, da hannunsa ya sare shi. Na cikin ledar ba shi da suna, kuma su biyun za su shiga cikin dabba ɗaya. Tun ranar abin yake damuna.

Na tashi na tarar da dawaki biyu a gidan kakana a Bungudu, wani akawal da wani bidi, da tsoho guda mai kula da su wanda yara da manya duk Baba muke ce masa. Bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai kallon dabba kamarsa ba. Da asuba in ya dawo daga masallaci, kafin ya ba su komai, sai ya tsuguna a bayan turke da ɗan tsinke ya tona kashin da suka yi da dare. Yana duba taurinsa da laushinsa, yana sunsunawa, yana neman tsutsa, yana neman ƙwayar dawar da ta fito ɗungum ba a tauna ba. In ya ga dawa ta fito yadda ta shiga, ba ya neman magani. Bakin dokin yake buɗewa ya laluba matauna, domin haƙorin doki yana ci gaba da fitowa kusan duk rayuwarsa, in kuwa ya yi kaifi ta gefe yana yankar kunci, sai dabbar ta riƙa haɗiye hatsi ba tauna, ta rame alhali komi a cike yake. Daga nan sai ya ɗaga leɓe ya dubi dasashi, ya ja fatar ido ya ga ko tana nan da janta, ko ta koɗe, ko ta yi rawaya. Ya shafa bayan kunne da ƙarƙashin wutsiya da matsematsi yana neman kaska. Ya ɗaga kofato huɗu ɗaya bayan ɗaya. Wata rana da ya ga na toshe hanci ya ce mini, "Doki ba shi magana, ɗana, kashinai ka magana."

Sai bayan duk wannan ake zancen jiƙo. Tukunyar tana nan a inuwa kusa da turke, rufe da tsohon faifai. Sassaƙen da yake sawa bai wuce faɗin tafin hannunsa ba, kuma ba ya tafasawa, ruwan sanyi yake zubawa ya bar shi ya kwana. Da safe ya ɗebo da ludayi ya ɗaga wa haske. In ya yi kalar shayi marar madara ya isa, in ya yi duhu sosai sai ya sirka. Cikin ƙasari yake zubawa, ruwan wankin geron da mata suka ajiye masa, ya ajiye a gaban dokin ya ja da baya. In ya sha, to. In ya sunsuna ya kau da kai, Baba ba ya tilasta masa. Kwana uku yake yi ya ɗauke tukunyar, ba za ka sake ganinta ba sai sauyin yanayi, ko farkon damina lokacin da sabuwar ciyawa ke sa zawo, ko shigowar hunturu.

Kanwa ma da awonta. Ɗan gutsure yake jefawa a ruwan sha jefi-jefi, ga kuma kantun gishiri irin na Bilma a gefen komi, wanda ya ga dama ya lasa. A lokacin ban san dalili ba. Daga baya na fahimci doki na daga cikin dabbobin da suka fi zubar da gishirin jiki ta hanyar gumi, don haka wanda aka yi kilisa da shi a zafin bazarar Zamfara dole a mayar masa da abin da ya zubar. Da almuru kuwa sai Baba ya tara busasshen kashin doki da ɗanyen ganyen sabara da na dogon yaro ya kunna, ba don wuta ba, don hayaƙi. Ƙamshin wannan hayaƙin har yau in na ji shi a wani lungu sai na waiwaya ina neman turke.

Itatuwan da yake aiki da su ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kowanne da aikinsa. Maɗaci na buɗe ciki ne da tsutsa. Marke ma na tsutsa ne. Garin bagaruwa na barbaɗawa a gyambon da sirdi ko majayi ya ci. 'Ya'yan gawo da na kalgo abinci ne na rani. Da kansa yake zuwa ya saro, kuma yana da ƙa'ida: ɗan siriri ta gabas, ɗan siriri ta yamma, sannan ya damƙo taɓo ya shafe wurin. Mutane suna danganta gabas da yamma da sirri, ni dai abin da na gani shi ne itacen da aka sara haka ba ya mutuwa, don ba a zagaye shi ba. Maɗacin da aka kwaile masa ɓawo zagaye ya gama yawo, ko da zai ɗauki shekara biyu kafin ya bushe.

Ba Baba ne ya ƙago wannan ilimin ba, gado ne na bargar sarakuna da attajirai a ƙasar da doki yake da daraja har aka yi sarautu da sunansa, su Madawaki da Ubandawaki da Shamaki, har Narambaɗa ya yi wa dokin Sarkin Gobir na Isa waƙa sukutum, wato Dokin Iska Ɗanfilinge. Wani likita Bature mai suna Dalziel da ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma, kuma maɗaci da marke suna ciki a matsayin magungunan dawaki. Masu bincike na baya ma ba su ƙaryata tsofaffinmu ba. A 2004 wasu malaman Jami'ar Ibadan sun gwada ruwan ɓawon maɗaci a kan tumaki, suka ga yana rage tsutsar ciki. Amma an yi wasu gwaje-gwajen a kan ɓeraye da suka nuna in an yawaita shi, aka kuma daɗe ana bayarwa, yana taɓa hanta. Kwana ukun nan na Baba da ɗaga ludayi ga haske, ashe su ne rabin maganin.

Ni ba na cikin masu raina itace. Maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitoci ke bayarwa yau daga wani ganye aka samo shi a ƙasar Sin, ɗan'uwan tazargadenmu. Ivermectin ɗin da ake ba dawaki don tsutsa daga wata ƙwayar halitta ta cikin turɓayar Japan ya fito. Waɗanda suka gano su biyun ne suka raba kyautar Nobel ta likitanci a 2015. Abin da ya bambanta su da ƙullin ledar saurayin nan shi ne an san abin da ke cikinsu, an kuma san adadin da ke warkarwa da adadin da ke kisa.

Kalmar nan ta garkuwar jiki ma sabuwa ce a bakin masu doki. A rediyo muka fara jin ta sosai, zamanin faɗakarwa kan ƙanjamau, sannan korona ta sake watsa ta a 2020. Baba bai taɓa furta ta ba. Shi cewa yake doki ya yi kyan gashi, ko ya koɗe, ko jikinsa ya mutu. Yanzu kuwa ka tsaya a Tsohuwar Kasuwa ko ta Tudun Wada ka saurari lasifikar masu magani, ko ka buɗe waya ka ga samari masu dawaki suna tallar kwalba a TikTok da WhatsApp. Kwalba ɗaya ita ce ta garkuwar jiki, ita ce ta ƙiba, ita ce ta sheƙin gashi, ita ce ta gudu, ita ce kuma ta haihuwa. Wata da hoton farin doki ya ɗaga ƙafafun gaba, da rubutun Larabci ko na Turanci, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, babu sunan ganye ko ɗaya. In ka matsa da tambaya sai a ce maka sirrin gida ne.

Ban ga laifin mai magani ya riƙe sirrin haɗinsa ba, da shi yake ci. Amma a da mai sirrin maƙwabcinka ne, in dokinka ya kwanta ka san ƙofar da za ka buga. Kuma akwai abin da ya sauya wanda ya fi wannan girma, wato dajin kansa. Wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ya wuce dutsen Kwatarkwashi ya doshi Tsafe, ya san yadda direbobi ke duban agogo da duban gefen hanya. Ƙauyukan da tsofaffi ke shiga saran itace da haƙar saiwa, wajen su Kuncin Kalgo da Bilbis da 'Yankuzo, yanzu sunayensu a labaran hare-hare muke jin su. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma yanke layukan waya, duk don a matse 'yan bindiga. An buɗe daga baya, amma wanda ya saba shiga daji da gatari bai koma kamar da ba. Wani mai sayar da sassaƙe, mutumin Tsafe da ya dawo Gusau da zama, ya ce mini, "Malam, da ni ka zuwa in ɗebo da hannuna. Yanzu abin da anka kawo min shi nika saye." To in ɓawo ya bushe, aka daka shi ya zama gari, ko shi da ya shekara 30 a sana'ar ba lalle ya rantse da itacen da aka saro ba. Shi ya sa addar kowa ta koma kan maɗacin bakin titi, don shi kaɗai ya rage wanda za a sara ba a sayar da rai ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ake iya cusawa cikin garin. Akwai ƙwayoyin asibiti irin su dexamethasone da wasu ke ba dabbobi don su yi ɓul-ɓul kafin kasuwa. In aka niƙa irinsu cikin garin itace, mai doki zai ga dabbarsa ta buɗe ciki, ta cika ido cikin mako guda, ya yi ta sa wa mai magani albarka. Alhali wannan ƙwayar danne garkuwar jikin take yi, kuma tana iya jawo wa doki ciwon cikin kofato, irin wanda ke sa shi tsayawa yana jingina da baya don gaban ƙafarsa ba ya takuwa.

Zancen haihuwa kuma nan ne aka fi cin kuɗin mutane, don nan ne aka fi jahiltar lissafi. A cikin gari da wuya ka ga goɗiya. Bahaushe ingarma yake hawa, shi ake yi wa kwalliya ranar Sallah, goɗiya tana can ƙauye ko rugar Fulani. Da yawa daga dawakin da ke turakun Gusau ma ba haifaffun nan ba ne, daga Nijar da Chadi da Barno ake kawo su, a saye su a kasuwanni irin su Maigatari da Mai'aduwa. To yanzu da doki ya yi tsada, ƙauyukan da ke kiwon goɗiya kuma suka watse, sai ga wasu samari sun fara ajiye goɗiya a cikin gari suna neman iri. Abu ne mai kyau. Sai dai sun gaji sha'awar ba su gaji tsofaffin ba.

Na je ganin wata goɗiya a bayan gari, wajen hanyar Bungudu. An kai ta baye sau uku ba ta ɗauka ba, har an fara ce mata juya. Mai ita ya nuna mini kwalabe biyu da ƙullin leda uku, na wankin mahaifa da na kama ciki da na ingarman da za a kawo. Ni kuwa idona yana kan haƙarƙarinta, don daga inda nake tsaye ina iya ƙirga su. Gashinta ya tashi, ƙugunta ya fito. Goɗiyar da ba ta ƙoshi ba jikinta ba ya karɓar ciki da sauƙi, ko an ɗura mata itacen duniya. Na tambaye shi yaushe yake kai ta. Ya ce duk ranar da mai ingarma ya ce yana da sarari.

Goɗiya tana da kwanakinta. Kusan duk bayan kwana 21 take neman namiji, ta yi kwana 5 zuwa 7 a haka, kuma ƙwan yana sauka ne dab da ƙarshen waɗannan kwanakin, kamar kwana ɗaya ko biyu kafin ta rufe. Tsofaffi ba su san zancen ƙwai ba, amma sun san alama: ta ɗage wutsiya, ta riƙa fitsari kaɗan-kaɗan, in an gitta da ingarma ta tsaya maimakon ta yi harbi. Daga ranar da suka ga haka sai su riƙa kai ta ana tsallake kwana ɗaya har ta ƙi. Wanda ya kai ta ranar da ba tata ba, ya sha wahalar banza, ƙila ma a harbe masa ingarman mutane. In ta ɗauka kuma sai a yi haƙurin wata 11, kimanin kwana 340.

Na ingarma ma akwai lissafinsa. Maniyyin doki yana ɗaukar kusan kwana 57 kafin ya haɗu ya nuna. Ke nan abin da ingarma zai bayar yau, tun wata biyu da suka wuce jikinsa ya fara gina shi, da harawar da ya ci a lokacin ko yunwar da ya sha, da zazzaɓin kaskar da ya yi ko bai yi ba. Garin da aka ɗura masa daren jiya, in ma ya yi wani abu, iyakarsa ya sa shi haniniya da tona ƙasa. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Har ganyen da muke ganin ba shi da illa yana da abin dubawa. Yaɗiya, wadda mu ma muke kwaɗawa, dabbobi suna cinta da rani don ita ke zama kore lokacin da komai ya bushe. Makiyaya a wasu sassan Afirka ta Yamma sun daɗe suna cewa dabbar da ta yawaita cinta haihuwarta tana raguwa, kuma masu bincike a Burkina Faso sun gwada ruwanta a kan ɓeraye maza suka ga yana rage musu maniyyi. Ɓera ba doki ba ne, amma wanda ya ajiye ingarma don iri ya kamata ya san da wannan kafin ya mai da yaɗiya abincin kullum.

In ana neman garkuwar jiki ta gaskiya a barga, a je a ga goɗiya ranar da ta haihu. Dukushi yana faɗowa duniya ba shi da kariya daga uwa ko kaɗan, don mahaifar doki ba ta bari ta wuce masa tun yana ciki. Duk kariyarsa tana cikin dakashi, nonon farko mai kauri da rawaya, kuma hanjinsa yana iya tsotse ta ne a sa'o'in farko kawai, kafin kwana ya zagayo ƙofar ta rufe. Na ga inda aka tatse dakashin aka zubar wai ƙazanta ne, aka ɗura wa dukushi jiƙo a madadinsa. Baba kuwa in goɗiyar wani ta haihu aka kira shi, ba ya barin wurin sai ya ga ɗan ya miƙe ya kama nono da bakinsa.

Bara wani maƙwabcina ya rasa doki, wani kili mai kyau da ya tara kuɗin shekara biyu ya saya. Ba cuta ce ta kashe shi ba. Haɗin garkuwar jiki ya sayo wurin wani mai talla, dokin ya ƙi sha, sai suka ɗaure kansa sama a reshen itace suka ɗura masa da kwalba, da ya dage ma suka bi ta hanci. Ruwan ya sauka a huhu. Kwana uku yana tari da zazzaɓi, numfashinsa yana wari, a na huɗu ya faɗi. Na tsaya a kansa ina kallon mai shi yana kwance masa ragama yana hawaye. Doki ba ya amai, Allah bai yi shi da wannan hanyar ba, don haka duk abin da aka tura masa ciki ya shiga ke nan. Shi ya sa ja da bayan da Baba ke yi in ya ajiye ƙasari yake da muhimmanci. Yana ba dabbar damar ta ce a'a.

Tafarnuwa ma da ake ta yabo, ana dakawa ana cusa wa dawaki da zuma da habbatus sauda, tana da iyaka. A 2005 an yi gwaji a Kanada aka ga busasshiyar tafarnuwa in ta wuce giram 0.2 a kowane kilo na nauyin doki kullum, tana farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Ga dokinmu mai kilo 300, giram 60 ke nan, bai kai cikin hannu biyu ba. Sai a wayi gari ana ba shi maganin ƙarin jini alhali maganin farko ne ke shanye jinin. 'Ya'yan rai-ɗore in suka gauraya da hatsi suna lalata wa doki hanta da tsoka, 'ya'yan zurma kuwa kaɗan sun isa. Illar gyauron dawa manoma sun san ta. Wanda ba a cika sani ba shi ne abincin kajin gidan gona, wanda wasu ke saye da araha su haɗa da dusa: wani yana ɗauke da maganin da kaza ke ci lafiya, amma yana tsayar da zuciyar doki. Masarar da ta yi fumfuna kuma ƙwaƙwalwa take taɓa masa.

Na san abin da ke tura mutane ga leda. Doki mai kilo 300 yana bukatar busasshiyar ciyawa da harawa kamar kilo 6 a yini, ban da tiyar dawa da dusa, ga ruwa da zai kai jarka biyu in ana zafi. Damin harawar wake ko ta gyaɗa a watan Afrilu, a shekarun nan da gonakin nesa suka gagari noma, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ƙullin gari ya fi dami araha, kuma mai sayar da shi ya yi alkawarin abin da dami ke yi. Amma da a ce kuɗin kwalabe biyu da leda ukun nan na mai goɗiya harawa aka saya da su tun kaka, lokacin da take banza a bakin gona, da ba a kira ta juya ba.

Akwai kuma inda itace ba ya kaiwa, kuma tsofaffin kirki sun san da haka. A ƙarshen 2018 murar dawaki ta ɓulla a jihar Sakkwato, ta bi jakuna ta yi musu ɓarna, a 2019 ta ratsa Nijar. Akwai cutar nan ta ƙarshen damina da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da almuru ke ɗaukowa, wadda ke kumbura ramin saman idon doki, ta sa kumfa ta fito ta hanci. Ba ta da magani ko a asibiti, sai rigakafi da kare dabba daga cizo, kuma a nan hayaƙin sabarar Baba ya fi kowace kwalba amfani. Dokin da idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu bayan kaska ta kama shi, allura yake bukata daga hannun likitan dabbobi. Wanda ƙusa ta soke shi a kofato, a yi masa allurar hana sandarewa tun kafin muƙamuƙinsa ya kulle. Muna da asibitin dabbobi a Gusau, ga manyan asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'ar Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya, ga cibiyar Vom da ke aikin cututtukan dabbobi tun 1924.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, muka yi murna duk ƙasar Hausa. Ranar da Sarkin Katsinan Gusau ko 'Yandoton Tsafe ko Sarkin Fulanin Bungudu ya hau, jalala da linzamin azurfa muke kallo. Tsohon da ya tsuguna da tsinke a bayan turke da asuba yana can baya riƙe da ragama, kuma irinsa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya rubuta abin da ke kansu.

Samari masu dawaki, ku nake roƙo. In akwai sauran irin wannan tsoho a unguwarku, ku je ku zauna kusa da shi tun yana da rai, ku tambaye shi sunan kowane itace da awonsa da kwanakinsa, ku rubuta. In mai magani ya miƙo muku gari, ku ce ya faɗi itacen da ke ciki, in ya ƙi ku mayar masa da kayansa. Kada ku ɗura wa doki komai ta hanci. In kuma kun zo saran maɗacin bakin titi, ku ɗauki ɗan siriri ta gefe ɗaya ku shafe wurin da taɓo, don na ga guda biyu a hanyata da aka zagaye, kuma tun bara ba su sake fitar da ganye ba.